Lambar NAFDAC Ba Ta Har Abada Ba Ce: Jan Kunne Kan Maganin Ƙwari Ga Hausawan Legas

Duk wanda ya taɓa tsayawa sayen maganin sauro ko na kyankyaso a Obalende, ko Agege, ko Idi-Araba, ya san amsar da ake bai wa mai yawan tambaya. Da ka ɗaga kwalba ka ce, "Malam, wannan kuwa ba shi da illa?" sai mai kaya ya juya maka bayanta ya nuna da yatsa: "Alhaji, ai ga lambar NAFDAC nan." Shi ke nan magana ta ƙare, a miƙa kuɗi a karɓi canji. Yawancinmu mun ɗauka cewa da zarar hukuma ta buga wannan lamba, maganin ya halatta ke nan har illa ma sha Allahu, kuma kowane aiki aka sa shi daidai ne. Ba haka abin yake ba. Rajistar maganin ƙwari a Najeriya izini ne mai wa'adi, don wani takamaiman aiki aka ba da shi, kuma hukumar da ta bayar tana iya karɓe abinta tun wa'adin bai cika ba. Rashin sanin haka ya kwantar da mutane a asibiti, ya kai wasu kushewa, ya kuma rufe wa waken ƙasar nan kasuwar Turai.

Maganar ta shafe mu fiye da kowa a Legas. Abincin garin nan ta hannunmu yake bi. Waken da ake lodi a Dawanau ta Kano, mutanenmu ne ke sauke shi a Mile 12, su auna wa masu kiri. Goron Agege, busasshen kifi, albasa, tattasai, tsire da kilishin Obalende, duk da hannun Bahaushe a ciki. Ga masu gadi da maigida zai miƙa wa kwalba ya ce a feshe harabar gida. Ga matasa 'yan ci-rani da ke cunkushe a ɗaki ɗaya, kuɗin cizo ya hana su barci, ko masu kwana a shago kusa da buhunan hatsi. Mai sayar da gubar, da mai fesa ta, da mai shaƙarta, sau da yawa duk 'yan unguwa ɗaya ne.

Abin da doka ta tanada

Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, wato NAFDAC, an kafa ta a 1993, kuma ita ce gwamnatin tarayya ta ɗora wa alhakin rajistar magungunan ƙwari, da na ciyawa, da na ɓera. Dokar ɗaya ce daga Legas har Sakkwato. Ba a yarda kowa ya haɗa maganin ƙwari, ko ya shigo da shi, ko ya tallata shi, ko ya sayar ba, sai an yi masa rajista. Kafin a ba da lamba, kamfani zai kawo bayanin sinadarin da ke ciki da ƙarfinsa, a gwada samfurinsa a ɗakin bincike, a duba ko yana kashe ƙwaron da aka ce yana kashewa, sannan a tantance rubutun da za a manna a jikin kwalba. Idan kamfanin na ƙasar waje ne, dole ya sami wakili a cikin gida wanda za a riƙe in wani abu ya taso.

In an cika sharuɗɗa, sai a ba da takardar rajista, kuma shekara 5 ne rayuwarta. Da sun cika, ko dai kamfani ya koma ya nemi sabuntawa, ko kuma izinin ya faɗi. Abin ya yi kama da lasisin tuƙi: yana ƙarewa, ana sabunta shi, ana iya ƙwace shi, kuma wanda aka bai wa na babur ba shi da hurumin jan tirela. Bambancin kawai shi ne, ita lambar da aka buga a jikin kwalba ba ta gogewa ranar da takardar ta mutu. Kwalbar tana nan a kan kanta da lambarta, ko da izinin ya faɗi shekara biyu da suka wuce.

Me ya sa aka yanka wa'adi? Dalili na farko shi ne ilimi yana ƙaruwa. Akwai illolin da ba sa bayyana sai bayan shekaru ana amfani da magani: a gano yana taruwa a kitsen jikin mutum, ko yana shiga ruwan rijiya, ko yana taɓa ƙwaƙwalwar jarirai tun suna ciki. Na biyu, ƙwari suna sabawa da guba, maganin da ke aiki bana ya zama ruwa nan da 'yan shekaru, mutane su riƙa ninka awo suna cutar da kansu. Na uku, kamfani na iya kawo samfuri mai kyau ranar gwaji, daga baya ya sauya haɗi. Lokacin sabuntawa shi ne damar da hukuma ke da ita ta sake duba duk wannan.

Ba Najeriya kaɗai ke yin haka ba. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna ƙarƙashin wani kwamiti na haɗin gwiwar ƙasashen Sahel mai mazauni a Bamako, wanda ke ba da izinin wucin gadi na shekara 3, ana iya sabunta shi sau ɗaya, sannan cikakkiyar rajista ta shekara 5. A Tarayyar Turai, izinin farko na sinadari ba ya wuce shekara 10 a bisa al'ada, sabuntawa kuma ba ta wuce 15. A Amurka doka ta wajabta a sake bitar kowane maganin ƙwari duk shekara 15. Tsawon wa'adin ya bambanta, amma babu ƙasar da ta san abin da take yi da ke ba da izini na mutu-ka-raba.

Halal jiya, haram yau

Dattawa za su tuna da Gamalin. An kawo shi ne don feshin koko da sauran amfanin gona, sai ya zama maganin komai: a zuba a hatsi, a zuba a rafi a kwashe kifi. Sinadarin da ke cikinsa, lindane, yana daɗewa a ƙasa da jikin mutum bai narke ba. A 2008 aka kwashi ɗalibai mata sama da 100 na wata makarantar sakandare a Gombe zuwa asibiti bayan sun ci wake. A shekarar kuma, a ƙaramar hukumar Bekwarra ta jihar Kuros Riba, mutum sama da 100 suka kwanta bayan cin wake da alale, yara 2 suka rasu. Bayan haka ne NAFDAC, lokacin shugabancin Farfesa Dora Akunyili, ta haramta magungunan gona 30 a lokaci guda, ciki har da lindane da DDT da aldrin da endosulfan. A 2009 ƙasashen duniya suka sa lindane cikin jerin gubobin da yarjejeniyar Stockholm ta ce a kawar da su, endosulfan ya biyo baya a 2011.

Na baya-bayan nan sun fi kusa da mu. A ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, wadda ta karɓi ragamar hukumar a 2017, NAFDAC ta sanar da ranakun da hani zai fara aiki a kan sinadarai uku da manoma suka saba da su. Paraquat, maganin ciyawar nan mai ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu, daga 1 ga Janairu 2024. Chlorpyrifos, da ake fesa wa amfanin gona ake kuma zuba wa gara, daga 1 ga Nuwamba 2024. Atrazine, na gonar masara da dawa, daga 1 ga Janairu 2025. Dukansu sun yi shekaru suna da rajista, da lambarsu, ana sayar da su a fili. Turai kuwa ta riga ta rabu da su: atrazine tun 2004 saboda gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, paraquat a 2007, chlorpyrifos a 2020 saboda illarsa ga ƙwaƙwalwar yara. Shi paraquat, kurɓa ɗaya na iya lalata huhu, kuma har yau ba shi da makari.

Irin wannan hani ba dare ɗaya ake yin sa ba. Ana farawa da daina sabuwar rajista da sabunta tsohuwa, sannan a hana shigo da kayan, a ba da lokaci wanda ke ƙasa ya ƙare, kafin ranar hani ta zo. To, a nan gizo ke saƙa. Dila da ya ga ranar ta matso kuma sito cike yake, sai ya karya farashi ya tura kayan hannun ƙananan 'yan kasuwa da masu talla. Wanda bai san labari ba sai ya ga ya tsinci dami a kala, ya kwasa da yawa. Ranar da jami'ai suka zo samame, kayansa za a kwashe, shi za a tuhuma, dila kuwa ya daɗe da cinye ribarsa. Duk sanda ka ga maganin feshi ya yi arahar da ba a saba gani ba, ka tambayi dalili kafin ka sa hannu a aljihu.

An yi masa rajista, amma don wane aiki?

Nan ne kuskurenmu ya fi yawa, kuma Sniper shi ne babban misali. Sinadarin da ke cikinsa, wanda za ka ga an rubuta dichlorvos ko DDVP, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin masu tsananin haɗari. Rajistarsa ta aikin gona ce: a sirka shi da ruwa mai yawa, a fesa a fili, mai feshi ya rufe hanci da jiki. Ba a yi masa rajista don ɗakin kwana ba, ko katifa, ko buhun wake, ko busasshen kifi, balle kitson yarinya mai ƙwarƙwata. Wanda ya yayyafa shi a ƙarƙashin gado ya rufe ƙofa ya kwanta, ya fita daga izinin hukuma gaba ɗaya, ko da lambar da ke jikin kwalbar ta gaske ce kuma wa'adinta bai cika ba.

Sakamakon ya fito fili a watan Yunin 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya. Iyakar dichlorvos da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo. A waken da aka kai daga nan sun sami daga 0.03 har zuwa 4.6, wato wani ya ninka iyakar sau 460. An tsawaita dakatarwar a 2016, aka sake tsawaitawa bayan nan. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye, don haka asarar a kan manomin Arewa da ɗan kasuwarta ta faɗa. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne, waken da Bature ya ƙi karɓa, irinsa ne muke dafa wa 'ya'yanmu. A ƙarshen 2018 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta fito ta gargaɗi jama'a bayan an ga 'yan kasuwa suna zuba Sniper a wake.

A 2019, bayan yawaitar labaran matasa da ke shan sa don halaka kansu, NAFDAC ta hana haɗawa da shigo da ƙaramar kwalba mai mililita 100, ta hana tallar magungunan gona a kan titi, ta kuma ce daga 1 ga Satumba na shekarar kada a sake ganin irin wannan a kasuwar kowa-da-kowa ko manyan kantuna, sai a shagunan kayan noma da aka amince da su. Wannan mataki yana da hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi, kuma ƙasar Siri Lanka ta ga adadin ya ragu ƙwarai bayan ta hana mafi muninsu. Sau da yawa ɓacin rai na ɗan lokaci ne, in guba ba ta kusa da hannu sai Allah ya kawo sauƙi.

Fiya-fiya kuwa, wanda ake ɗurawa a tsofaffin kwalabe ana yawo da shi a tasha da bakin kasuwa, ba shi da rajista ko ta kwana ɗaya. Galibi dichlorvos ne aka sirka da abin da mai haɗawa ya ga dama. Babu suna, babu awo, babu ranar lalacewa, babu wanda za a kama. In kuma aka ɗura shi a gorar lemo ko ta ruwa, yaro ba ya bambancewa. Haka shinkafar ɓera da ake ƙullawa a leda.

Sai ƙwayar nan ta turara hatsi, Phostoxin da ire-irenta. Tana da rajista, amma don sito ne da ke rufe ruf, a hannun wanda ya koyi aikin. Da ta ji danshin iska sai ta fara fitar da hayaƙi mai guba wanda ido ba ya gani, yana ratsa buhu, yana bin kafar ƙofa da ramin bango zuwa ɗakin maƙwabci. Shi ma ba shi da makari. A gidajen haya irin na Agege da Obalende, inda ɗaki ke manne da ɗaki, jefa wannan ƙwaya a buhu a ajiye inda mutane ke kwana ganganci ne da rayuka. 'Yan goro masu fama da sankarar goro su ma su kiyaye, domin goro ɗanye ake cin sa, ba ya bi ta wuta.

Lokuta uku da ba a haɗa su

Mutane kan rikita abubuwa uku. Na farko wa'adin rajista, shekara 5 ɗin nan, wanda ke tsakanin kamfani da hukuma. Mai saye ba zai gan shi a jikin kwalba ba. Amma ɗan kasuwa mai sari yana da ikon ya ce dila ya nuna masa kwafin takardar rajista ya duba ranar ƙarewarta, ya kuma karɓi rasit mai sunan shago. Dilan da ya fusata don an tambaye shi takarda, ya riga ya ba ka amsa.

Na biyu ranar lalacewar maganin kansa, wadda galibi shekara 2 ce daga ranar da aka haɗa shi. Zafin kwantena da rana na iya lalata shi kafin nan. Maganin da ya lalace bai zama ruwa ba. Wani ya daina kashe ƙwaro amma yana nan da gubarsa ga mutum, wani ma sauyawa yake ya ƙara muni. In ka ga an kankare kwanan wata, ko an manna sabuwar takarda a kan tsohuwa, ajiye shi.

Na uku kwanakin jira tsakanin feshi da girbi, ko tsakanin feshi da komawa ɗaki. Suna rubuce a jikin kwalba, kuma kowane magani da nasa. Masu lambun alayyafo da latas a gefen gari su ne wannan ya fi shafa: wanda ya fesa yau ya yanka gobe ya kai kasuwa, guba ya kai wa mutane.

Wanda bai iya karatun boko ba yana da abin dubawa. A ƙasan takardar maganin gona akwai zirin launi. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, kore shi ne mai dama-dama. Mai ja ba abin shiga gida ba ne ko kaɗan. Kore ma guba ne, sauƙi kawai ya fi sauran.

Wake na ajiyuwa ba tare da guba ba

Ɗan kasuwa zai ce, to in bar ƙwaro ya cinye mini jari? Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da takwarorinsu na Afirka, ciki har da masu binciken noma na Maraɗi. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane hawa daban. Ƙwaron da ke ciki zai shanye 'yar iskar da ta rage ya mutu, wake ya yi watanni lafiya lau. Ana yin buhun a Kano, kuma ana sake amfani da shi muddin bai huje ba. Duro ko jarka mai murfin da ke toshe iska su ma aiki ɗaya suke yi, in an cika su taf, kuma ba waɗanda aka taɓa zuba sinadari a ciki ba. Ga uwargida mai mudu biyar ko goma, roba mai murfi ta wadatar.

Mai saye kuma ya sa hanci. Waken da ke warin magani, ko yake da maiƙo ko wata hoda a jikinsa, a bar shi. Wankewa da zubar da ruwan tafasar farko suna rage saura, amma ba sa mayar da gurɓataccen wake lafiyayye. Na ɗaki kuwa, gidan sauro ya fi kowane feshi. Kuɗin cizo a bi shi da tafasasshen ruwa a gado da tufafi, a shanya katifa, a toshe tsagar bango. In dole sai an yi feshi, a sayi wanda aka rubuta na cikin gida ne, a fitar da abinci da yara, a buɗe tagogi iska ta ratsa kafin a koma.

In tsautsayi ya afku

Alamun gubar dichlorvos da danginta su ne dalalar miyau, gumi, hawaye, amai, gudawa, rawar tsoka, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. Da an ga haka, a fitar da mutum zuwa iska, a cire tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin abin na iya faɗawa huhu ya ƙara ta'azzara. A garzaya asibiti mafi kusa, a tafi da kwalbar, saboda sunan sinadarin ne zai gaya wa likita allurar da zai yi. Irin wannan guba tana da magani in an kai mutum da wuri. A Legas ana kiran 112 ko 767 don agajin gaggawa, kyauta ne. Kwalbar da ta ƙare kuma a huda ta a zubar inda yara ba sa kaiwa, kada a mai da ita ta man gyaɗa ko buta.

Nauyin da ke kanmu

Jami'an NAFDAC ba za su iya tsayawa a kowane lungu na Legas ba, kuma sanarwarsu yawanci da Turanci take fita, a jaridun da mai awon wake ba ya karantawa. Shi ya sa hani kan yi shekara da fara aiki labarin bai iso ga mai shago ba. Wannan giɓi mu za mu cike shi. Sarakunan Hausawa na Agege da Obalende da Idi-Araba da sauran zanguna, da shugabannin 'yan hatsi da 'yan goro da 'yan kifi, suna da ikon gayyato jami'an hukumar su zo su yi bayani da Hausa, a karɓi jerin sinadaran da aka hana a manna a ƙofar kasuwa, a riƙa sabunta shi duk shekara. Ƙungiyar kasuwa da ke iya cin tarar wanda ya tauye mudu, tana iya cin tarar wanda ya zuba guba a wake. Limamai kuma su faɗa a huɗuba cewa sayar wa mutum abincin da ka san kai ba za ka ci ba algus ne, kuma haƙƙin rai ba ya faɗuwa don an ce ba da niyya aka yi ba. Kai kuma mai shago, yau ɗin nan ka duba kantarka. In akwai paraquat, ko chlorpyrifos, ko atrazine, ko ƙaramar kwalbar dichlorvos, ko wani ruwa marar suna, sauke shi, ka mayar wa wanda ya sayar maka, ko ka sanar da ofishin hukumar mafi kusa. Kada ka zuba shi a kwata, domin ruwan kwatar Legas a lagon da ake kama kifi yake ƙarewa.